Karena ya daina jin magana, har ya yi wa yarona gurnani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kare namiji ɗan wata takwas, wanda na karɓo tun yana kwikwiyo mai wata biyu. Da farko yana da ladabi, da na kira shi sai ya taho a guje, amma kwanakin nan ya sauya gaba ɗaya. Yana dira kan baƙi, yana tattaune takalma, idan na fita da shi yakan ja igiya kamar zai cire mini hannu, idan kuwa ya kuɓuce, ko zan yi ta kira har muryata ta dishe ba zai waiwayo ba. Wani abokina ya ce raina ni ya yi, dole in nuna masa wane ne babba, shi ya sa na fara dukansa, ina kuma ɗaure shi da sarƙa wuni guda. Idan na dawo na tarar ya yi ɓarna, yakan sunkuyar da kai ya laɓe, alamar ya san laifinsa, amma washegari sai ya sake. Makon jiya ɗana mai shekara biyar ya matsa kusa da shi yana cin abinci, sai ya yi masa gurnani. Uwargidana ta ce ko in san yadda zan yi da shi ko in rabu da shi. Ina son karen nan, amma ɗana ya fi shi. Shin ya riga ya lalace ne, ko akwai gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai gyara, kuma babu ko ɗaya cikin abubuwan da ka lissafa da ke nuna cewa karenka ya lalace. Dira kan baƙi, taunar takalma, jan igiya da ƙin amsa kira halaye ne da kusan kowane kare yake nunawa a wannan matakin girma idan ba a koya masa abin da ake so ya yi a madadinsu ba. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne gurnanin da ya yi wa yaron, don haka da shi zan fara. Ina kuma roƙonka ka ƙudurta a ranka cewa duka ya ƙare daga yau, domin yana cikin abubuwan da suka kai ku ga wannan gurnani.

Kare ba ya fara cizo haka kawai. Idan wani ya tunkari abin da yake tsoron a ƙwace masa, yakan fara sandarewa ne, ya daina taunawa, ya kifa kansa a kan kwanon yana kallon mutum ta wutsiyar ido har farin idonsa ya bayyana. Idan ba a fahimta ba sai ya yi gurnani, idan an ci gaba da matsowa ya fito da haƙora, daga nan ya kai cafka a iska, sannan a ƙarshe ya yi cizo. Gurnani gargaɗi ne, kuma gargaɗin nan shi ne ya ba ɗanka damar ja da baya lafiya. Idan ka dake shi a kan gurnani, tsoron da ke cikinsa yana nan daram, abin da kawai zai koya shi ne gurnani yana jawo masa duka, sai ya daina yin sa, ranar da aka sake matsa masa ya tsallake kai tsaye zuwa cizo. Yawancin karnukan da ake cewa sun ciji yaro ba tare da nuna wata alama ba, an daɗe da kashe musu alamar ne da bulala, ko kuma sun nuna ta babu wanda ya lura.

Matakin farko ba ya bukatar wani horo. Daga yau karen zai ci abincinsa a wurin da yaron ba zai iya shiga ba, a bayan ƙofa ko shinge, kuma ba za a buɗe ba sai ya gama an ɗauke kwanon. A koya wa yaron cewa ba a zuwa kusa da kare idan yana ci, ko yana barci, ko yana gaigayar wani abu, ba a rungumarsa, ba a hawansa, ba a jan kunnensa ko wutsiyarsa. Amma kada ka dogara ga cewa ɗan shekara biyar zai riƙe wannan doka kullum, domin yaro yakan manta, fuskarsa kuma tana daidai da bakin karen. Kada a bar su su biyu kaɗai ko da na ɗan lokaci ne, kuma babban da ke wurin ya kasance idonsa yana kansu, ba yana cikin wani aiki da ya ɗauke masa hankali ba.

Bayan haka sai ka soma sauya masa yadda yake ji idan mutum ya tunkari kwanonsa, kuma kai ne za ka yi wannan aiki, ba yaron ba. Lokacin da yake cin abincinsa na kullum, ka wuce ta gefensa daga nesa, tazarar da za ka ga bai sandare ba, ka jefa masa gutsuren dafaffen nama kusa da kwanon, ka ci gaba da tafiyarka ba tare da ka tsaya ko ka yi magana ba. Ka maimaita sau uku ko huɗu a kowane ci. Bayan 'yan kwanaki za ka ga da ya hango ka sai ya ɗago kai, jikinsa a sake, wutsiya tana kaɗawa, yana jiran abin da ka zo da shi. Wannan ita ce alamar da za ta ba ka izinin matsowa taku ɗaya. Idan ka matso ya sake sandarewa, ka yi gaggawa ke nan, ka koma tazarar jiya. Kada ka bi shawarar masu cewa a riƙa tsoma hannu cikin kwanon kare ko a riƙa ɗauke shi yana tsakiyar ci don ya saba, domin hakan yana tabbatar masa ne cewa zarginsa gaskiya ne, mutane masu ƙwace abinci ne.

Ka kuma kai shi wurin likitan dabbobi cikin wannan mako, saboda ciwon kunne, ciwon haƙori ko ciwon gaɓa yakan sa kare mai haƙuri ya zama mai saurin fushi. A tabbatar an yi masa allurar rigakafin cutar haukan kare, wadda ake fara yi tun kwikwiyo yana wajen wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare ko yaƙushinsa, kuma yara suna da kaso mai yawa a ciki. Idan har haƙorinsa ya taɓa fasa fatar wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Yanzu bari mu dawo kan duka, da kuma sunkuyar da kan da ka ɗauka shaida ce ta sanin laifi. Tun a shekarar 1898 wani masani ɗan Amurka, Edward Thorndike, ya nuna ta hanyar gwaje-gwajensa da kyanwoyi cewa dabba tana maimaita aikin da ya haifar mata da abin daɗi nan take, tana kuma rage wanda bai haifar mata da komai ba. Muhimmin abu a nan shi ne lokaci. Kare yana haɗa aikinsa da sakamakon da ya biyo baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ne kawai. Idan ya taune takalmi da hantsi, kai kuma ka dawo da yamma ka dake shi, a wurinsa dukan bai da alaƙa da takalmi, yana da alaƙa ne da shigowarka gida. A shekarar 2009 wata masaniyar halayyar karnuka a birnin New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare yakan hana karensa cin wani abu ya fita daga ɗaki, idan ya dawo sai a gaya masa ko karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci a gaya masa akasin abin da ya faru. Abin da ta gano shi ne, fuskar nan da muke kira ta mai laifi tana fitowa ne idan an yi wa kare tsawa, ko ya ci ko bai ci ba, har ma ta fi fitowa a kan waɗanda aka yi wa tsawa alhali ba su taɓa komai ba. Karenka yana karanta fuskarka da tafiyarka ne tun daga bakin ƙofa, ya ga fushi, ya ƙanƙantar da kansa yana neman ka ƙyale shi. Shi ya sa washegari yake sakewa, domin ba a taɓa gaya masa komai game da takalmi ta hanyar da zai gane ba.

Duka kuma yana da tsada. A wannan shekarar ta 2009 likitocin dabbobi a Jami'ar Pennsylvania sun tambayi mutum 140 da suka kawo karnukansu saboda matsalar hali, irin hanyoyin da suka gwada a gida da abin da ya biyo baya. Cikin waɗanda suka ce sun doki karen ko sun haure shi, kashi 43 cikin 100 sun ce ya mayar musu da martani da gurnani ko yunƙurin cizo. Karen da hannun mutum ya zama masa abin tsoro, wata rana zai ga ƙaramin hannu ya miƙo wajensa, kuma ya san mai wannan hannun bai fi ƙarfinsa ba.

Shawarar abokinka tana da asali, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya ba ka ita, sai dai asalin nata ya rushe. A shekarar 1947 Rudolph Schenkel ya wallafa abin da ya gani a wurin kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel a ƙasar Suwizalan, dabbobin da ba su haɗa jini ba aka cusa su wuri guda, suka yi ta faɗa a kan fifiko. Daga nan aka ɗauka cewa haka garken kyarketai yake, sai mai ƙarfi ya danne saura, aka kuma ɗora wannan fahimta a kan karnuka. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya fi yaɗa wannan ra'ayi, ya shafe shekaru yana bin kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, kuma a 1999 ya fito ya bayyana cewa garken kyarkeci a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, iyaye suna jagora ne saboda su suka haifi sauran. Balle ma kare ya shafe dubban shekaru yana zaune da mutane, ya bambanta da kyarkeci ta fuskoki da yawa. Karenka yana jan igiya ne saboda ya fi ka sauri kuma ja yana kai shi inda yake so, yana dira kan baƙi saboda yana son kaiwa ga fuskarsu. Babu batun sarauta a ciki.

Akwai kuma batun watanninsa. Tsakanin wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi kare yana cikin balaga, jikinsa ya yi ƙarfi, duniyar waje ta fara ɗauke masa hankali, haƙurinsa kuma bai gama nuna ba. Wani bincike da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa karnuka 'yan wata takwas sun fi ƙin bin umarnin zama daga bakin mai rainonsu idan aka kwatanta da lokacin da suke wata biyar, alhali suna bin wannan umarni daga bakin baƙo, kuma abin yakan lafa idan sun kai shekara. Wato sauyin da ka gani ya zo daidai lokacinsa. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma makonni na uku zuwa na goma sha biyu na rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da ya fi saurin sabawa da mutane da sababbin abubuwa, kamar yadda John Scott da John Fuller suka bayyana a 1965 bayan dogon bincikensu a jihar Maine ta Amurka. Amma naka bai bushe ba, kare yana iya koyon sabon abu har tsufansa.

Ga yadda ake koya masa. Ka yanka dafaffen nama ƙanana-ƙanana, kowane bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba, wanda babu albasa ko yaji a jikinsa, domin albasa tana cutar da jinin kare, haka ma inabi da cakulan guba ne gare shi. Ka zaɓi kalma ɗaya gajera da za ta riƙa sanar da shi cewa abin da ya yi a wannan daƙiƙa shi ake so, misali “yauwa”, kuma duk lokacin da ka faɗe ta nama ya biyo baya. Ka tsaya a gabansa a wuri mai shiru, ka riƙe gutsuren a tsakanin yatsunka daf da hancinsa, ka ɗaga hannun a hankali sama da kansa zuwa baya. Hancinsa zai bi hannun, kansa ya ɗaga, ƙugunsa ya sauka ƙasa da kansa ba tare da ka danna shi ba. A daidai lokacin da ya taɓa ƙasa ka ce “yauwa” ka ba shi. Idan ya yi tsalle, hannunka ya yi sama da yawa ne, ka sauke shi. Bayan ya yi haka sau biyar ko shida ba kuskure, ka yi wannan motsi da hannu babu komai a ciki, ya zauna, ka ce “yauwa”, ka ciro naman daga aljihu. Sai ya ƙware a wannan sannan za ka fara cewa “zauna” kafin motsin hannun, sau ɗaya tak, da murya ta yau da kullum. Minti uku zuwa biyar sun isa zama ɗaya, sau biyu ko uku a rana, kuma ka tsaya tun yana marmari.

Wasu za su ce maka wannan cin hanci ne, karen ba zai yi komai ba sai ya ga nama. Hakan yana faruwa ne idan an ci gaba da nuna masa naman kafin ya yi aikin, shi ya sa na ce ka mayar da shi aljihu da wuri. Idan hali ya zauna, sai ka rage, wani lokaci nama, wani lokaci shafa, wani lokaci buɗe masa ƙofa ko jefa masa ƙwallo. Duk abin da yake so a wuni lada ne da ke hannunka: ya zauna kafin a ajiye kwano, ya zauna kafin a sa masa igiyar fita. Don kada ya yi ƙiba, ka ɗebi wani ɓangare na abincinsa na ranar ka yi horon da shi, ka ajiye naman don darussa masu wuya. Ka kuma sani cewa kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri zuwa wuri da sauƙi, wanda ya iya zama a cikin ɗaki sai an sake koya masa a tsakar gida, sannan a bakin ƙofa, sannan a kan hanya inda akwai mutane da ababen hawa.

Amsa kira shi ne darasin da zai iya ceton ransa, kuma shi ne wanda aka fi ɓatawa ba da sani ba. Ka duba watannin nan biyu da suka wuce ta idonsa: idan ka kira shi ya zo, me ke biyo baya? Ko sarƙa, ko faɗa, ko ƙarshen wasa. Ya koyi cewa zuwa wurinka asara ce, kuma ya koya da kyau. Kalmar da kake kiransa da ita ta riga ta gurɓata, don haka ka sauya wata, ko ka yi amfani da fito. Ka fara a cikin gida, yana taku uku daga gare ka, ka yi kiran, ya zo, ka ce “yauwa”, ka riƙe abin wuyansa a hankali da hannu ɗaya, ka ba shi nama mai kyau da ɗayan, sannan ka sake shi ya koma abin da yake yi. Sakin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin cikin kira goma, tara su ƙare da komawarsa wasa. Idan kun fita fili ka ɗaura masa doguwar igiya mai tsawon mita biyar zuwa goma, kada ka sake shi haka nan sai kiran ya kafu. Kada ka kira shi a lokacin da ka san ba zai zo ba, misali yana tsakiyar bin wata dabba, domin kowane kiran da ya tafi a banza yana rage wa kalmar ƙarfi. Idan ya kuɓuce kada ka bi shi da gudu, a wurinsa wasan tsere ne kuma shi zai ci, gara ka yi masa murya mai daɗi ka juya ka ruga ɗaya ɓangaren, mafi yawan karnuka za su biyo ka. Abin da ya fi wuya shi ne wannan: idan ya shafe rabin sa'a yana wahalar da kai sannan ya dawo, dole ka haɗiye fushinka ka karɓe shi da fara'a, domin abin da ya yi na ƙarshe shi ne dawowa, kuma shi zai haɗa da duk abin da ka yi masa.

Dira kan mutane kuwa ku kuka koya masa, kamar yadda kusan kowane gida yake yi. Yana kwikwiyo idan ya ɗora ƙafafunsa a gwiwar mutum sai a shafa shi a yi dariya, yanzu da ya yi nauyi aka ce laifi ne. Ture shi da hannu da daka masa tsawa ba sa hana shi, domin taɓawa da magana su ne abin da ya zo nema. Idan ya dira, ka juya masa gefe, ka naɗe hannuwanka, ka yi shiru, kada ka dube shi. Da zarar ƙafafunsa huɗu sun koma ƙasa, ka ce “yauwa”, ka sunkuya ka gaishe shi a can ƙasa. A kwanakin farko zai ƙara ƙaimi, domin dabarar da ta saba yi masa aiki ta daina, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya su ce hanyar ba ta yi. Idan kuka daure, zai sauka. Game da baƙi, ka sa masa igiya kafin a buɗe ƙofa, ya zauna a gefenka kana ba shi lada, kuma baƙon da ba ya son kare ya matso kusa da shi yana da cikakken haƙƙin hakan, sai ka kai karen wurinsa ka ba shi abin taunawa har baƙon ya tafi.

Jan igiya dokarsa ɗaya ce: idan igiya ta miƙe, ka tsaya cak, idan ya waiwayo ta yi sako-sako, ku ci gaba, kana ba shi lada a gefen ƙafarka lokaci-lokaci. Tafiyar makon farko za ta ci lokaci ba tare da kun yi nisa ba. Ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba tana rage ƙarfin jan, kuma ta fi sarƙar shaƙe wuya aminci. Abin wuya mai jan lantarki kuma ka nisance shi, yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010. Taunar takalma ta fi sauƙi. Kwikwiyo yana da haƙora 28, yakan yi famfara ya cika 42 wajen wata shida zuwa bakwai, amma sha'awar tauna tana ci gaba har bayan haka, musamman ga karen da ba shi da abin yi. A kwashe takalma daga inda zai kai, a ba shi abin taunawa na roba mai tauri wanda aka yi don karnuka, kada a ba shi tsohon takalmi domin ba zai bambanta shi da sabo ba, kada kuma a ba shi dafaffen ƙashi domin yana tsagewa ya huda hanji. Idan ka gan shi da abin da bai kamata ba, ka yi musaya da shi da wani abu mai daɗi maimakon ka fizge.

Sarƙar nan ta wuni guda tana rura duk waɗannan matsaloli. Karen da ya wuni a ɗaure ƙarfi yana taruwa a jikinsa, idan aka kwance shi sai ya fashe da tsalle da gudu, kuma idan wani abu ya tsorata shi yana ɗaure, ba shi da hanyar gudu sai kare kansa da haƙori. Ka keɓe masa wuri mai shinge, mai inuwa da ruwan sha, inda zai iya zagayawa ya kwanta a sake. Ka fita da shi safe da yamma, ka bar shi ya yi ta shinshine-shinshine a hanya, domin aikin hanci yana gajiyar da kare fiye da yadda mutane suke zato. Wata rana ka watsa masa busasshen abincinsa a ƙasa mai tsabta ya yi ta nema, maimakon ka zuba a kwano.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba idan kai kaɗai ne kake yi. Wata karya mai suna Chaser a Amurka ta riƙe sunayen kayan wasa 1,022, kamar yadda mai horar da ita, John Pilley, ya wallafa a 2011, kuma ta iya hakan ne saboda kowane suna abu ɗaya yake nufi kullum. Idan kai kana cewa “zauna”, wani yana cewa “tsuguna”, wani kuma yana barin sa ya dira masa idan yana cikin nishaɗi, karen zai ci gaba da gwada sa'arsa. Ku zauna ku amince da kalmomi huɗu ko biyar da dokoki kaɗan, kowa ya bi. Uwargidanka kuma tana da gaskiya, tsoronta na uwa ne da ta ga haɗari kusa da ɗanta, don haka kada ka yi mata gardama a kai. Ka nuna mata tsarin raba yaron da karen lokacin ci da barci, ka nemi ta ba ka wata biyu, kuma idan ta yarda ta riƙa sa shi ya zauna tana ba shi lada da hannunta, za ta ga sauyin da idonta.

A cikin watannin nan biyu ka riƙa rubuta duk lokacin da ya sandare ko ya yi gurnani, da abin da ya jawo hakan. Idan abin yana raguwa, kuna kan hanya. Idan kuwa ya bazu zuwa wurin kwanciyarsa ko kayan wasansa, ko ya fara zuba wa yaron ido jikinsa a sandare ko da babu abinci a kusa, ko ya kai ga cizo, to aikin ya wuce abin da za a yi daga amsar wasiƙa, sai ka nemi likitan dabbobi ya haɗa ka da ƙwararren mai gyaran halin karnuka. Kafin ka ba kowa amanar karenka ka tambaye shi abin da yake yi idan kare ya yi daidai da abin da yake yi idan ya kuskure, kuma ka guji wanda zai tafi da shi ya horar a inda ba za ka gani ba, domin rabin horon naka ne da iyalinka. Idan kuma ya tabbata cewa yanayin gidanka ba zai ba da damar raba shi da yaron yadda ya kamata ba, mayar da shi hannun wani ba abin kunya ba ne. Ka nemi gidan da babu ƙananan yara, ka gaya wa mai karɓarsa gaskiyar gurnanin da dukan da ya sha, ka haɗa masa da takardar rigakafinsa, kuma kada ka yarda a kai shi wani wuri a yasar.